Gilashi na Huɗu

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Darakta bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da goge tabaransa da bakin riga, kamar kujera ce ta yi ƙara, ba mutum ya yi magana ba. Takardar na kan tebur a tsakaninmu, shafi biyu, an buga ta tsaf, har an ɗiga jan biro a inda ake so sunana ya zauna. Cewa take ginin tsohuwar masaƙa ya tsage, yana gab da ruftawa, a kwashe mutanen ciki nan da kwana bakwai a rushe shi.

"Injiniya, ban ji ki ba."

"Na ce ba zan sa ba. Ban auna ginin ba."

"Ai kin gan shi."

"Ta tagar mota na gan shi."

"Me kika gani?"

"Tsaga."

"To madalla. Mu ma tsaga muka rubuta."

"Akwai tsagar da take tafiya, akwai wadda ta tsaya tun kafin a haife ni. Ido ba ya raba su. Doka ta ba ni kwana arba'in in gwada."

Sai a lokacin ya sa tabarau ya dube ni sama da ƙasa. Shekarata biyu a ofishin duba gine-gine na birnin. Babban injiniyanmu ya yi ritaya ba a kawo wani ba, ni kaɗai na rage mai lasisi, kuma rahoton rushe gini in babu hannun mai lasisi, takardar ƙunshe kaya ce kawai. Ya san haka, ni ma na sani.

"'Yata," ya ce, ya sassauta murya, "na san mahaifinki tun yana da gashi a ka. Ni na ɗauki takardunki na kai sama da hannuna. Mutanen ginin nan baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, da rana ta fito babu shi. Ke kuwa nan aka haife ki, nan za ki tsufa. Kar ki ɓata da 'yan gari saboda raɓa."

"Ba don kowa nake yi ba. Sunana ne zai zauna a takardar."

"Sunanki," ya maimaita, ya yi 'yar dariya ta hanci. "Je ki. Kwana arba'in kamar gobe ne."

Na fito, ban tsaya ba sai da na sha kwanar da sakatarensa ba zai hango ni ba.

Ina da shekara tara aka rufe masaƙar, kuma a kan idona titin ya mutu. Masu abinci suka fara tashi, sai mai kemis, sai motocin haya suka daina tsayawa a bakin ƙofa, har aka cire allon tashar. Ciyawa ta fito a gefen kwalta. Baba yana da shagon gyaran agogo daura da ƙofar masaƙa. Shekara guda ya yi yana buɗewa yana goge kanta, babu mai shigowa sai ƙuda, sannan ya kwashe 'yan kayan aikinsa a gwangwani ya koma gadi a gidan mai. Da gadin nan na yi karatu, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Shekara shida da suka wuce baƙin suka zo, mutanen da yaƙi ya koro daga ƙetaren iyaka, da katifu a ka da kekunan ɗinki a warware cikin buhu. Ginin babu mai sonsa sai jemagu. Mai ginin, wanda ya gaje shi daga ubansa, ya ba su haya ta shekara goma yana dariya a ciki, yana ganin ya sami wawaye. Wata biyu suna kwasar shara. Suka toshe rufi, suka ja wuta, suka sa tagogi. Ƙasa masu walda da kafintoci da mai yankan gilashi suka raba, sama kuwa mata masu ɗinki ne, su talatin da ɗaya, suna ɗinka kayan makaranta da labule da jakunkuna. Mutanen nan ba sa iya ganin abu a karye su wuce. Ƙusa in ta lanƙwashe sai sun miƙe ta.

Kafin shekara uku masu abinci sun dawo, kemis biyu sun buɗe, direbobi da kansu suka sake kafa allon tasha. 'Yan unguwa da suka yi shekaru suna ɗumama benci suka sami aikin lodi da fenti da kai kaya. Baba ya ajiye kulkin gadi ya buɗe shagonsa. Kullum sai ya yi mitar baƙi, wai sun cika hayaniya, wai ba su san ranar hutu ba, amma agogunansu yake gyarawa, kuma har ya yi kumatu.

Da titin ya yi daraja, sai mai ginin ya sami masu son su rushe su gina otal. Yarjejeniyar haya da sauran shekara huɗu, kuma hanya ɗaya ce ta karya ta: hukuma ta ce ginin hatsari ne. Hukumar kuwa, a wannan maganar, ni ce.

Washegari na je da tsani da gam da 'yan gilasai guda shida, sirara, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Aikin ba shi da wuya. Za ka manna gilashin a gicciye kan tsaga, rabi a wannan gefe, rabi a wancan, ka rubuta lamba da kwanan wata a jiki. Gilashi ba ya miƙewa. In bango ya motsa ko da kaurin gashi ne, zai fashe. In kuwa tsagar tsohuwa ce, ta mutu, zai zauna lafiya har ka gaji da dubawa.

Ina sa ƙafa a ginin kowane inji ya yi shiru. Masu walda suka kashe wuta suka tsaya a jere, kowa da takardar izinin zamansa a hannu, alhali ba wanda ya tambaye su. Wata dattijuwa gajera mai tef ɗin awo a wuya ta sauko daga bene. Ita ce shugabar masu ɗinki, kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

"Sannu da zuwa, hukuma."

"Injiniya ce ni, Inna. Bango na zo gani, ba takarda ba."

"Duk wanda ya zo haka yake cewa. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba."

"To tsaya, 'yata. Tsayuwa ma ba mu hana kowa ba."

Na manna uku a ƙasa, na hau sama. Na huɗu a bangon baya na sa shi, bayan babban teburin yanka, inda wata tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi. Mai gilashi ya biyo ni, wani dogon tsoho da hannunsa ke rawa sai in ya kama abin yanka. Ya ɗauki ɗaya daga cikin gilasaina ya ɗaga shi a haske, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wa ya yanka miki waɗannan?"

"Ni."

"Da haƙori?"

Matan suka tuntsire da dariya a bayan kekuna. Na ji ta har cikin kunnena. Ni da na fito ta ɗaya a ajinmu, a gaban maza sittin, yau ga ni kan tsani ana mini dariya saboda gefen gilashi.

Inna ta ɗaga kai ta ce, "Su waɗannan na mene ne?"

Da na sauko na zauna a kujerar nan na yi musu bayani dalla-dalla, da labarin ya sha bamban. Amma ina sama, dariyar tana cina, sai na yi magana irin ta masu ofis.

"Kar wanda ya taɓa su. In suka kai kwana arba'in lafiya, kun tsira. In ɗaya ya fashe, sai abin da hukuma ta ce."

Babu wadda ta sake dariya. Na manna biyun da suka rage, na naɗe tsanina na fita.

Da na koma ofis na tarar an ɗauke teburina. Aka ce gyara ake yi, in koma ɗakin ajiyar fayil, inda babu taga, fanka kuma ta mutu tun zamanin wani daraktan. Motar ofis ta daina samuwa. In na shiga ɗakin shan shayi sai hira ta tsaya, wani ya ce, "A yi a hankali, jama'a, ga gilashi nan." A kwashe da dariya. Ni kuwa in zuba shayina, in sha a tsaye a gabansu har ƙasan kofi, in wanke kofin, in fita ba sauri. Ƙarfe takwas saura kwata nake sa hannu a rajistar zuwa aiki, don kar a sami abin kamawa. Duk bayan kwana uku in hau motar haya da tsanina, kwandasta na mita wai na tare masa wurin mutum biyu, in je in duba shidan, in rubuta a littafi: lafiya, lafiya, lafiya.

Ranar kwana goma sha biyar da safe, ina ɗaura takalmi, Baba ya ce in zauna.

"Jiya mai ginin ya kawo mini gyaran agogo."

"To."

"Agogon lafiyarsa ƙalau."

Umma ta ajiye tsintsiya ta jingina da ƙofa. Ba masaƙar kaɗai mutumin ya gada ba, duk layin shagunan nasa ne, har da na Baba.

"Ya ce yana tunanin sake tsarin shaguna," in ji Baba. "Ya ce bai sani ba ko za a sami wurin mai agogo. Ya ce in gaishe ki."

"Ina amsawa."

"Ke!" Umma ta daka mini tsawa. "Da mahaifinki kike magana, ba da ɗan ajinku ba."

"Baba, so kake in sa hannu?"

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. "Ban ce ba. Na dai ce shekara goma sha huɗu na yi a tsaye a gidan mai. Ƙafar nan ba za ta sake ɗauka ba."

"In aka rushe masaƙa, agogon wa za ka gyara?"

"Masu otal ma suna da hannu," in ji Umma. "Mu dai mun ga ta kanmu. Mun kai ki makaranta ki zama mana inuwa, kin dawo mana bulala."

"Bar ta," Baba ya ce. "Taurin kan nan ba a makaranta ta samo ba, na san gidan da ta ɗauko shi."

"Au, ni ce ko?"

Bai yi dariya ba, ita ma haka. Na ɗauki jakata. Tun daga ranar, in na wuce ta gaban shagonsa da tsani, sai ya sa gilashin dubawa a ido ya duƙufa kan agogo har in wuce.

Ranar kwana ashirin da shida na je kamar kullum. Na ɗaya, na biyu, na uku, lafiya. Na hau sama. Na huɗu ma lafiya. Har na sa biro zan rubuta, sai na tsaya. Lafiyar ta yi yawa. Gefunansa sumul, an goge su. Gam ɗin babu ko ɗigo ɗaya da ya tsiyaya. Lambar da kwanan watan suna nan da irin rubutuna, amma huɗun ya fi nawa kyau. Na shafa gefen da yatsa. Da nawa ne, da ya yanke ni.

A bayana kekuna suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

"A kira mini mai gilashi."

Ya hawo a hankali, hularsa a hannu. Inna ta riga shi isowa gindin tsanin.

"Baba tsoho," na ce, "wannan ba da haƙori aka yanka shi ba."

Ya murza hular a hannunsa.

"Sau nawa?"

"Sau nawa me?" in ji Inna. "Ga gilashinki nan, ko ƙura babu. Rubuta lafiya ki sauko, kar ki faɗo mana."

"Inna, ba da ke nake ba."

"Sau biyu," in ji tsohon. "Na farko ranar kwana tara. Na biyu shekaranjiya."

"Wani ne ya buge shi?"

"Ba wanda ya je kusa. Har teburin yanka muka ja baya saboda shi. Da hantsi ana cikin aiki sai aka ji ƙas, kamar an taka ƙwaro."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani. Gutsattsarin na ciki, a nannaɗe cikin takarda, kowane ƙunshi da ranar da ya fashe a rubuce. "Ba na yar da gilashi," ya ce, kamar mai neman gafara.

Na haɗa su a tafin hannuna. Kowanne ya rabu biyu ne cif, a tsakiya, daidai kan tsagar. Ba bugu ba ne. Bango ne ya ja.

Na hau rufin ta wata 'yar ƙofa. Ga shi nan, ba sai an nema ba: wani ƙaton tankin ruwa na ƙarfe da masu walda suka ƙera da hannunsu bara, ɗinkin waldar kamar zane, sun ɗora shi daidai kan bangon baya, bangon da ba a gina shi don ya ɗauki ko buhu ɗaya ba. Abu ne mai gyaruwa. A zubar da ruwan, a sauke tankin, a tokare rufi, a ɗaure bangon da ƙarfe. Wata huɗu. Amma kafin nan kar a bar mutum ko ɗaya a saman, don in bangon ya tafi, da rufin zai tafi.

A kan matakala Inna ta tare ni. Ta rufe ƙofar sama da ta ƙasa, muka tsaya mu biyu.

"Kwana goma sha huɗu ya rage," ta ce. "Ki rufe ido. Tankin yau za mu sauke. Bangon mu gyara da kanmu, ba wanda zai ji. Me muka tarar a ginin nan da ba mu gyara ba?"

"Mata nawa ke zama a gindin bangon nan?"

"Goma sha biyu."

"Ɗayarsu tsohon ciki gare ta, na gani."

"Cikin ma abinci yake so. Kayan makarantu bakwai ne a hannunmu, saura wata ɗaya yara su koma. In kika rufe saman nan, za a ba wasu, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa."

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba tun ran da ya fara fashewa?"

"Ke kika ce in ya fashe sai abin da hukuma ta ce. 'Yata, mu mun san abin da hukuma take cewa. Inda muka fito, in mai hula ya shigo ya ga ƙwan fitila ɗaya ya mutu, shagon ya tafi, wani lokaci har da mai shagon. Sai muka koyi gyara abu kafin a gani. Da haka muka rayu. Da haka muka tayar da titin ubanki."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kin dai karanta."

Ta kama hannuna, tafinta duk kanta, ta ce, "Don girman Allah. Tsohon nan shekararsa saba'in. Taimakonki ya ɗauka yana yi."

"Inna, ban sa hannu a ƙaryarsu ba. Ba zan sa a taku ba."

Ta saki hannun. Ta dube ni kamar yadda take duban yadi mai aibi.

"Ashe ke ma tasu ce," ta ce. "Su da gatari, ke da allura."

A ranar na manna jar takardar hana hawa a ƙofar benen. Na tsaya har aka sauko da keke na ƙarshe. Matan suna wucewa ta gabana da kawunan kekuna a rungume kamar jarirai, babu wadda ta zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Labari ya riga ni isa ofis. Darakta ya aiko a kira ni, har da cewa in zauna.

"Kin gani ko? Abin da babba ya hango yana zaune. An ce har gilashin hukuma suka canja, 'yan damfara." Ya zaro takardar nan mai shafi biyu ya turo mini. "Gobe teburinki zai koma wurinsa."

"Bango ɗaya ne yake motsi, ranka ya daɗe, kuma na san dalili. Saura biyar, saura kwana goma sha huɗu."

"Wai ke me suka ba ki?"

"Baƙar magana. Ita suka ba ni ɗazu."

Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur ya murza makulli. "Rahotonki ta hannuna zai bi," ya ce. "Kar ki manta da wannan."

Ban manta ba. Na san in ya shiga hannunsa, shafin da ya ce bango na motsi ne kaɗai zai fita.

Kwanaki goma sha huɗun nan su ne mafi tsawo da na taɓa gani. Kullum nake zuwa yanzu, ba bayan kwana uku ba. Gilashi biyar, kowanne ɗan yatsa zai iya fasa shi, kuma duk birnin ya san haka. Masu walda suka kewaye ukun ƙasa da ragar ƙarfe, suna karɓa-karɓa wajen zama a gabansu. In na zo su matsa in duba, ba sannu, ba sai an jima. Biyun sama ni kaɗai nake hawa, cikin ɗakin da babu komai sai zare a ƙasa da sawun ƙafafun kekuna. A ofis ba mai mini magana, a masaƙa ba mai mini magana, a gida Umma sai ta ajiye mini abinci ta juya. Na rame har siket ɗina yana juyawa a ƙuguna. Na sa masa fil, na ci gaba da zuwa.

A ɗakin fayil na rubuta rahoton da hannu, a kan kwali. Sau uku na gwada rubuta shi babu tsohon a ciki, bai tsaya ba. Littafina ya ce na huɗu lafiya ranar kwana goma sha biyu, gwangwani ya ce ya fashe ranar kwana tara. Dole ɗaya ya zama ƙarya, kuma lauyan mai ginin ba makaho ba ne. Sai na rubuta yadda aka yi. Na rubuta har da nawa: cewa ban yi musu bayanin amfanin gilashin ba, kuma kwana goma sha bakwai ina duban gilashin da ba nawa ba ban gane ba. Wannan layin ya fi kowanne yi mini ɗaci.

Ranar kwana arba'in biyar ɗin suna nan daram. Na ƙara shafin ƙarshe: ginin lafiyayye ne, bango ɗaya ke buƙatar gyara, babu dalilin rushewa. Na sa hannu. Daga nan ban bi ta ofishin Darakta ba, na miƙe wurin magatakarda, inda ake buga wa takarda hatimi a ba ta lamba. Takardar da ta sami lamba ba ta ɓata, kuma sai ta isa gaban kwamitin da ke yanke hukuncin rushe gini da shafukanta cif.

Magatakarda ya juya shafukan ya dube ni. "Ta hannun Darakta ta biyo?"

"Buga."

"Injiniya, ina da iyali."

"Ni ma ina da su. Dokar ta ce ka karɓi rahoton mai lasisi. In an tambaye ka, ka ce na tsaya a kanka."

"Ai kin tsaya ɗin," ya ce. Ya duba ƙofa, ya hura wa hatimin iska, ya buga.

Kafin a tashi aiki takardar tuhuma ta same ni a ɗakin fayil: tsallake shugaba, rashin ladabi, sakaci wajen sa ido kan kayan gwaji. Na ukun daga rahotona suka kwafo shi, kalma da kalma.

Bayan mako uku kwamiti ya zauna. Ba a rushe ginin ba, yarjejeniyar haya tana nan. Masu walda suka sauke tankinsu, suka ɗaure bangon, aka buɗe saman bayan wata huɗu da kwana shida. Motoci na tsayawa a tashar har yau, masu abinci na nan, an ma buɗe wani shagon sayar da zare.

Amma makarantun sun ba wasu ɗinkin. Cikin mata talatin da ɗaya, ashirin da biyu ne suka dawo. An soke izinin sana'ar mai gilashi saboda taɓa kayan hukuma, ya koma wurin 'yarsa a wani gari, ban sami yi masa sallama ba. Inna in mun haɗu a tasha sai ta gyara tef ɗinta ta dubi wani gefen. Mai ginin ya karɓe shagon Baba a ƙarshen watan. Ni na taya shi kwashe kaya, bai ce mini komai ba sai, "Riƙe nan da kyau." Yanzu a gida yake gyara, a kan tabarma, in an kawo, kuma ba a cika kawowa ba.

Ni kuma wata bakwai ke nan da dakatar da ni, babu albashi, babu ranar komawa. Lasisina na nan, sai dai babu mai gini a birnin nan da zai kira ni in duba masa ko katanga. Da za a sake ajiye mini takardar nan a gabana, ba zan sa hannu ba. Amma kar wanda ya ce a kyauta na tsaya. Tsayuwar ta ci aikina, ta ci shagon mahaifina, ta ci sana'ar tsoho ɗaya da abincin mata tara.